Jikata ta ce suna kunna wa farin wata kyandir

TAMBAYA

Salamu alaikum Malama. Ni dattijuwa ce a Tawa, ƴar autata ce ke rubuta mini wannan wasiƙa. Ɗana na biyu yana Amurka, garin Girinsboro, ya auri Baturiya, suna da yara biyu, mace mai shekara 9 da namiji mai shekara 5. Da can mun ɗauka Kirista ce. Kwanan baya muna gaisawa ta WhatsApp sai na ga tauraro cikin zobe rataye a wuyan yarinyar. Na tambaya, aka fassara mini cewa alamar addinin uwarta ce, wai Wika, kuma in wata ya cika sukan fita bayan gida su kunna kyandir su yi wa ƙasa da wata godiya. Uban ya ce in kwantar da hankalina. Maƙwabciyata ta ce ai wannan maitar Turawa ce. Da hutun damina za su zo su yi wata ɗaya da rabi. Niyyata in riƙe yaran in sa su makarantar allo, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaya kika gani?

Wata kaka, daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo su lafiya.

Da maƙwabciyar zan fara, don maganarta ta fi tayar mini da hankali. Ki same ta tun yau, ki roƙe ta don Allah ta bar wannan zance iya nan. Kin san yadda maita take a wurinmu: cewa ake a nono ake shanta. Ranar da aka ce surukar gidan wane mayya ce, jikarki aka shafa wa baƙin jini. Yarinya za ta sauka Tawa da murnarta, a riƙa janye yara daga gabanta. Ɗan wani ya yi zazzaɓi, ga shi lokacin sauro ne, sai a ce ita ta kama masa kurwa, a taru ƙofar gidanki wai sai ta fito ta tsallake shi. Kuma abin ba ya wankuwa. Nan da shekara ashirin, in an zo neman auren wata a zuri'arku, da shi masu bincike za su koma gida.

Wika kuwa addini ne, kuma ba wani tsoho ba. Wani Bature ɗan Ingila, Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya (Malesiya ta yanzu), shi ya fito da shi fili a 1954, bayan Ingila ta soke dokarta ta hana sihiri a 1951. Daga nan ya ƙetara Amurka. Mabiyansa suna bauta wa abin bauta biyu, mace da namiji, suna girmama wata da rana da ƙasa, suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin juyin yanayi da lokacin shuka da girbi. Tauraron da kika gani yana da tsini biyar: ƙasa, iska, wuta, ruwa da ruhi. Tun 2007 gwamnatin Amurka ta yarda a zana shi a kan kabarin sojanta in shi ne addininsa, kamar yadda ake zana jinjirin wata ko gicciye. Babbar ƙa'idarsu ita ce mutum ya yi abin da ya so muddin bai cuci kowa ba, da yawansu kuma sun yi imani duk abin da ka aikata zai dawo maka ninki uku. Abin da irin waɗannan iyaye ke koya wa yara yawanci shi ne sanin itatuwa da tsirrai, tausayin dabba, kada a ɓata ruwa, a gode kafin a ci. Ƙungiyoyinsu na asali ma ba sa shigar da yaro sai ya kai shekara 18.

Ba zan shafa miki mai a baki ba. Suna yin abin da su da kansu ke kira sihiri, da kyandir da ganye da da'ira da suke shatawa a ƙasa, kuma a ma'aunin Musulunci bauta wa wanin Allah shirka ce, ko an yi ta da fara'a. Damuwarki tana kan hanya. Batun matsayin auren kansa ma, tunda matar ba ma'abociyar Littafi ba ce, akwai magana a kai cikin Suratul Baƙara aya ta 221. Wannan ɗanki ne zai zauna da malamin da ya sani, su biyu. Kada a buɗe shi a tsakar gida gaban yara.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke firgita kamar yau muka fara jin irin wannan. Mu da Masalata ke nan kusa da Birnin Ƙonni, inda Azna, masu addinin gargajiya, ke taruwa duk shekara a duba yadda damina za ta kasance, har Musulmi na zuwa kallo, wasu kuma su saurara da kyau kafin su yi shuka. Ga Lugu can ƙasar Arewa, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojan Faransa a 1899, wadda muke alfahari da ita, alhali ba a kan sallaya ta tashi ba. Gida nawa ne a Adar, in aka bi kakanni huɗu ko biyar, ba za a tarar da mai yanka wa Doguwa baƙar akuya ba? Yawancin gidajen nan da zama tare Musulunci ya shige su, da auratayya, da fatauci, da ganin halin masu salla.

Riƙe yara kuwa, ki cire shi daga ranki. Yaran nan a takarda ƴan Amurka ne, kuma tun 1993 akwai dokar ƙasar da ta mai da tsare yaro a waje don a raba shi da ɗaya daga iyayensa laifin da zai iya kai mutum kaso har shekara uku. Ɗanki ne zai amsa. Ko babu doka ma, ki duba yaro mai shekara 5 da ba ya jin Hausa, ya wayi gari babu uwarsa, an miƙa masa allo da tawada. Abin da zai tsana har ya mutu shi ne allon.

Mai laifi a wurina ɗanki ne, kuma ki faɗa masa na ce. Shekara tara da haihuwar ɗiyarsa, me ya koya mata? Ta taɓa ganin goshinsa a ƙasa? A garin da yake akwai ƴan Nijar da yawa, akwai masallatai. Uwar ta ba yara abin da take da shi ne, shi kuwa ya bar nasa cikin aljihu yana ce miki ki kwantar da hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki kira shi tun yanzu ku daidaita. Ɗaya daga bukukuwansu, na nunan fari, yana faɗowa 1 ga Agusta, suna gidanki ke nan. Ki gaya masa a fili cewa a gidanki ba a kunna wa kowa kyandir, shi ya sanar da matarsa cikin mutunci tun kafin su hau jirgi. Baƙon kirki ba ya ƙin wannan. Ke kuma naki alkawarin, ba za ki tsinke abin wuyan yarinya ba, ba za ki zagi uwarta a kunnenta ba. Ki tuna Asma'u ɗiyar Abubakar, da uwarta ta zo mata Madina tana mushrika, Manzon Allah (SAW) ya ce ta sada zumunci da ita.

Sauran aikin na kaka ne, kin fi ni iyawa. Ki ja kishiyarki da wasa, ki ce wa ɗan ƙaramin angonki ya kawo kuɗin cefane. Ki dama musu fura da hannunki, ki ba su cuku da shayi, ki yi Bisimilla da ƙarfi in za a ci. Ki shimfiɗa sallayarki inda za su gan ki, yara da kwaikwayo, da kansu za su zo su tsaya gefenki. Yarinyar da aka koya wa son tsirrai, a kai ta gona ta ga hatsi yana fitar da kai. In ta ce ƙasa ce ta ba da shi, ki tambaye ta, to wa ya yi ƙasar? Ki bar ta da tambayar. Kuma a tanadi gidan sauro, uban ya kai su likita a ba su maganin rigakafin zazzaɓi kafin su taso, jikinsu bai san sauronmu ba.

TAMBAYA

Malama, ni direba ne a Yamai. Mahaifiyata ƴar bori ce tun muna ƙauye wajen Dogon Dutsi. Ɗiyata mai shekara 7 tana faɗuwa tana kumfar baki. Inna ta ce iskokin gidanmu ne suka zaɓe ta, a ba ta ita a yi mata girka. Matata ta ce sai dai a sake ta. Ni na rasa inda zan sa kaina.

Wani magidanci, daga Yamai

AMSA

Ɗan'uwa, ka bar gardamar tukuna ka ɗauki yarinya zuwa asibiti. Abin da ka kwatanta ya yi kama da farfaɗiya, likita ne zai tabbatar, kuma yawancin masu ita in suna shan magani kullum ba fashi faɗuwar na tsayawa. In ta faɗi, a kwantar da ita a gefe guda, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, a kuma nisanta ta da murhu da bakin rijiya.

Game da Inna, aya ta 15 cikin Suratu Luƙman ta raba maka gardama: ba ka bin iyaye a kan shirka, amma ka zauna da su da kyautatawa. Ka je da kanka, ka durƙusa, ka ce girka dai ba za a yi ba. Kada ka aiki matarka, kada kuma ka ce matarka ce ta hana. Ranar asibitin ka ɗauki Inna a gaban mota ku tafi tare, ta ji bayanin likita da kunnenta, ka kuma damƙa mata aikin tuna lokacin shan magani.