Tambaya da Amsa: Raya Faƙo da Sabara da Kalgo

Tambaya: Ina da fili a bayan gari da ya zama faƙo, ruwan sama ba ya zama a kansa. Sau biyu ina dasa bishiyoyin gandu suna bushewa kafin bazara. Me zan shuka da zai jure fari? Daga mai karatu a Gumel.

Amsa: Malam, koma wa itatuwan gida. Sabara ta fi son jigawa, kalgo kuwa ya fi kama ƙasa mai ɗan laka. Amma kafin ka nemi iri, zagaya filin tukuna. In akwai tsohon kututture mai tofo, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ka sare sauran. Wannan ne sassaben zamani da manoman Maradi suka rungume tun shekarun 1980, kuma ya fi dashe sauri domin saiwar ta riga ta nutsa.

Irin kalgo ɓawonsa tauri ne, shi ya sa yake ƙin tsiro. Tara busassun kwafsa da rani, ka fasa, ka ɗan kankare gefen kowace ƙwara da abin yankan farce, ka jiƙa kwana ɗaya. Shuka biyu-biyu a leda cikin Afrilu, zurfin santimita 2, a haɗin ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Riƙa gusar da ledojin kowane mako biyu; in saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka za ta tsinke.

Sabara ba sai da iri ba. Da damina ka lanƙwaso reshe, ka binne tsakiyarsa kamar taƙi ɗaya, ka danne da dutse, kan yana waje. Sai ya yi saiwa sosai za ka raba shi da uwarsa.

A faƙo, rami kaɗai ba ya isa. Haƙa rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 4, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ka dasa a cikin Yuli bayan ruwa mai ƙarfi. Dashen ƙarshen Agusta shi ke mutuwa a bazara, saboda saiwa ba ta samu lokacin nutsawa ba. Ɗanyen taki kuma yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Ka kewaye da ƙaya saboda awaki, ka share busasshiyar ciyawa daga gindi kafin lokacin gobarar daji.