Ƙanena ne manaja, yaya zan yi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a Tudun Wadan Zariya, ma'aikata tara. Ƙanena na ɗora a kan kuɗi, amma sai hantsi yake zuwa, kuma yakan ɗebi kuɗi a durowa bai rubuta ba. Sauran ma sun fara sakaci. In na sallame shi, Hajiya za ta yi fushi.
Mai gidan burodi, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka fara da kora. Yanka masa albashi kamar kowa tukuna. Ɗan'uwan da ba a biyansa shi ke ɗaukar durowa tamkar gadonsa. Sannan ka raba aiki, mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Buhun fulawa nawa aka kwaɓa da asuba, burodi nawa ya fita, nawa masu kai wa shaguna suka dawo da shi, duk a rubuta kullum, kai kuma ka duba da idonka bayan Isha'i. Kuɗin POS su shiga asusun gidan burodin.

Hajiya kuwa, je ka same ta kafin ya riga ka, da littafin a hannunka. In wata uku bai gyara ba, ɗauke shi daga kan kuɗi, ka ba shi kula da tanda.