Kai da tambayarka ta ajin baftisma

Ɗana na ji saƙonka, sai da na sa aka sake kunna mini shi don dariya ta hana ni ji da farko. Wai abokinka da ya ba da gaskiya watan jiya yana son a yi mai baftisma kafin Kirsimeti, mi ya sa pasto ya ce sai ya zauna aji wata shida, ba a iya tura mai darasin ta WhatsApp ya saurara bisa kabukabu? Har da kawo mini aya, wai mutumin Habasha na Ayyukan Manzanni sura 8 ganin ruwa kawai ya yi Filibus mai bishara ya shiga da shi ya yi mai baftisma. Madalla, ashe kuna karatu. Ka dai manta littafin Ishaya ke buɗe hannun mutumin nan tun kafin Filibus ya hau karusar.

Wata shida kuke ma kuka. Ni shekara biyu na yi, kuma ba don kaina bai ɗauka ba.

Ka san gidanmu na arna ne, can bayan Tsibiri ta ƙasar Maraɗi, kuma duk da mishan ta SIM na nan Tsibiri tun 1927 babanmu ko ƙofarsu bai taɓa bi ba. Yunwar 1973 ta kai ni Danja neman aiki wurin likitar kutare, can na ji bishara. Ajinmu ran Lahadi ne bayan sujada, ƙarƙashin bedi, da fari sai ka koyi boko don ka karanta Littafi Mai Tsarki da kanka, tsohon nan na 1932 mai Hausa wuya, sannan Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, da Romawa sura 6 inda aka ce an binne mu tare da Almasihu. Akwai wani mai mata biyu cikinmu, ya fi mu duka sani, amma ba a yi ma mai mata biyu baftisma a lokacin, haka ya tsufa bisa bencin baya. Har yau in na tuna shi raina ba ya daɗi, amma bar wannan.

Ranar tambaya, shekarar da soja suka hamɓare shugaban Nijar Diori, 1974, bayan girbi, aka shigo da mu ɗaya ɗaya gaban pasto da dattawan ikilisiya. Na zuba ayoyi kamar ana ɓarar gyaɗa, ina jin kaina. Sai wani tsoho da kuturta ta cinye ma yatsu, wanda tun da na shigo bai ce uffan ba, ya ce yaro ɗaga hannun rigarka. Ni ko akwai kambu ga damtsena, inna ta ɗaura mini ranar da zan baro gida, duk zamana aji ban cire shi ba ko wanka nike. Zufa ta karyo mini, na kai hannu zan tsinke shi nan take, tsohon ya ce a'a bar shi, wanda ya cire laya don idon mutane dare na yi zai maida ta. Ya ce tafi gida ka miƙa ma wadda ta ɗaura maka, ka faɗa mata dalili da bakinka, in ka iya ka dawo baɗi.

Wata huɗu ina kewaye-kewaye kafin in iya. Na tarar da inna tana sussuka, na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ba ta ko tsaida taɓarya ba, can ta ce rataya shi ga darni. Shi ke nan maganar da ta yi. Baba kuwa ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba.

Da kaka ta zagayo aka kai mu gulbi, lokacin ba a yi dam ɗin Jibiya ba ruwa na daɗewa kwance, mu tara, laka har ƙauri, mata na waƙa bakin gaɓa. Da pasto ya ɗago ni ina share ido sai na hango inna can nesa da tulu bisa kai kamar ɗibar ruwa ta zo, alhali rijiya na ƙofar gidanmu. Ba ta matso ba, ba ta kuma taɓa tada zancen ba har ta rasu.

Tsohon nan yakan ce mana sauri ya haifi nawa, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ku yanzu komai cikin talho, wa zai ga damtsen mutum ta WhatsApp? Wasu majami'un ma na ji sati uku an tsoma mutum an ba shi takarda da hoto, in gida suka kore shi babu wanda ya san ko sunan unguwarsu. Su 'yan Katolika dai har yanzu suna jan nasu shekaru sai daren Ista.

Ko wata shida ya yi yawa ko ya yi kaɗan, wannan pastonku ya sani, ni ba dattijon ikilisiyarku ba ne. Ka dai tambayar mini abokin naka, uwarshi ta sani? In ta sani, ina zai kwana ranar da babanshi ya ji? Ka zo da shi Lahadi bayan sujada mu ci tuwo in gan shi, kuma ka biyo mini da maganin ƙafar nan da ka ce tun watan jiya.