Ka dakata da sayen manyan kalifa tukuna

Salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan. Ka ce in ka yi gudu ka taka birki sau biyu ko uku sai feda ta yi laushi, motar kuma tana ja gefe guda, shi ya sa kake son sa kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) masu fiston huɗu.

Ni ma haka wani makanike ya ce min, wai nawa sun yi ƙanana. Ya kawo na hannu da aka shafa wa jan fenti, ya karɓi kuɗina, man birki kuwa ƙari kawai ya yi a kan tsohon. Ranar Lahadi muna gangarowa daga tudun Aburi zuwa Accra, ni da uwargida da yara biyu, kafin mu kai Ayi Mensah feda ta nutse har ƙasa. Uwargida sai salati take, ƙaramar tana kuka, ni kuma ina ta bugun feda ina sauke giya. Da ƙyar muka tsaya, taya na hayaƙi. Na koma wurinsa a Nima, ko haƙuri bai ba ni ba, wai ni ne na cika gudu. Mutumin da muke sallah sahu ɗaya!

Aikin kalifa ai matsewa ne: mai ya turo fiston, fiston ya danna fad (takalmin birki) a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Irin na ƙananan motocinmu yana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu. In suka yi tsatsa, gefe ɗaya ya fi kamawa, mota ta riƙa ja. A kwance su, a wanke, a sa musu giris na birki, a duba robobin.

Laushin feda kuma yawanci mai ne. Yana shan danshi, ga damina biyu a Accra, in ya yi zafi sai ya tafasa. A zubar da shi duka, a sa man birki nau'in DOT 4, wanda sabonsa ke jure zafi aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius, a fitar da iska, ka riƙa canzawa duk shekara biyu. Kada ka yarda a haɗa maka da DOT 5.

Sai fad mai kyau, da taya, don taya ce ke riƙe kwalta. In ka je Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, tafi da tsohon fad ɗinka a hannu ka gwada. Kuma don Allah in kana gangara, sa ƙaramar giya, musamman in akwai yara a baya.