Motata na jinkirin shiga giya, an ce sai na sayi wani giyabos

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ƙirar 2005, otomatik. Kwanan nan in na sa ta a D da safe sai ta yi jim kafin ta kama, kuma tana fizga in za ta tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku. Tun da sanyin nan ya shigo, in na taso daga Samaru sai na kusa Kwangila take shiga giyar ƙarshe, injin na ta kuka. Makanikena ya ce giyabos ɗin ya gama aiki, in nemi na Beljiyam. Haka ne? Daga wani malamin makaranta, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda a sauke giyabos ɗin nan tukuna. Abubuwa uku ka lissafa, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba ne. Akwai dubawar da ba ta kai kuɗin man tanki ɗaya ba, ita ya kamata a fara yi.

Fara da man giya, don shi ne ƙarfin giyabos na otomatik. Famfo ne a ciki yake tura man da ƙarfi ya matse faifan kulochi, waɗanda makanikai ke kira faiba, sannan giya ta kama. In man ya ragu, ko ya tsufa, ko matatarsa ta toshe, ƙarfin turawar zai yi ƙasa, sai ka ji jim ɗin nan da safe. Ka zaga da motar ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, injin na aiki, ka bi da sandar giya ta kowane harafi sannan ka mayar da ita P. Zaro sandar gwajin man giya, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya a alamar HOT. Masu Honda su lura, tasu sai an kashe injin ake dubawa nan take.

Ɗiga man a farar takarda ka shinshina. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. In ya yi baƙi yana ƙauri, faiba ta fara ƙonewa. In kuma ka gan shi kamar an zuba masa madara, to bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga. Wannan kam a ajiye motar a ranar, don ruwa yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfenta.

Sai irin man da aka zuba, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna a garejinmu. Corollarka man Toyota T-IV take sha, galibi ma a rubuce yake a jikin sandar gwajin. Camry ta 2007 zuwa sama WS take so. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, an yi ta ne da ATF-Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Amma sai ka ga an ɗauko kowane jan mai an ɗura, wai ai duk man giya ne. Ba ɗaya ba ne, santsinsu ya bambanta, kuma fizgar nan tsakanin giya ta biyu da ta uku sau da yawa daga nan take farawa. Ka tambayi makanikenka wane mai ya zuba a juyen ƙarshe, ya nuna maka galan ɗin.

In za a juye, a kwance tiren da ke ƙarƙashin giyabos, a canza matata, a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli alama ce ta ɓarna a ciki. Kusan lita 3 ne kawai ke fita a juye ɗaya, sauran na maƙale a cikin konbata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos, don haka in man ya yi datti sosai a sake juyewa bayan ka yi tafiyar kwanaki. Ban yarda a wanke tsohon giyabos da injin matsi ba, yana iya tura datti cikin ƙananan hanyoyin mai.

Maganar giyar ƙarshe kuwa, ina kyautata zaton ba daga giyabos take ba. Da farko duba ko fitilar O/D OFF na kunne a gabanka. In tana kunne, maɓallin da ke jikin sandar giya aka taɓa, ka sake danna shi. In ba haka ba, tambayi makaniken: an cire tamostat ɗin motar nan, wato bawul ɗin da ke hana ruwan injin zuwa lagireto sai ya yi zafi? An haɗa fanka kai tsaye? Al'ada ce da ta zama ruwan dare a nan, wai don ƙasarmu da zafi. To kwamfutar Toyota ba ta barin mota ta shiga giyar ƙarshe sai ruwan injin ya ɗumama. In babu tamostat, ga fanka na juyawa tun daga tayarwa, ga sanyin hunturun Samaru da asuba, injin zai daɗe bai yi zafi ba. Shi ya sa sai ka kusa Kwangila take saki. Motar tana yin abin da aka tsara mata ne, kai kuma kana asarar fetur. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan tsarinta.

Bayan wannan a sa mata na'urar bincike, ko da fitilar injin ba ta kama ba, kuma a rubuta maka lambobin matsalar da ta nuna kafin a goge su. P0715 da P0720 na nuni ga na'urorin auna gudu, lambobin da suka fara daga P0750 zuwa P0770 kuma na solonoid ne, ƙananan bawul masu aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya. Waɗannan duk ana gyara su giyabos na jikin mota. Wani lokaci ma waya ce ɓera ya ci, ko soket ya yi tsatsa.

Yaushe maganar makanikenka za ta tabbata? In man ya yi baƙi yana ƙauri, ga ɓarɓashin ƙarfe a tire, kuma kana taka totur injin na ihu motar ba ta ja, musamman in ta yi zafi. A nan sai dai a buɗe a sake faiba ko a sauya giyabos. In ta kai ga sayen na Beljiyam, lambar da ke jikinsa ta dace da ta naka, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, a kuma wanke bututun lagireto kafin a ɗaura, kada dattin tsohon ya shiga sabon.

Kafin nan ka riƙa ba ta ɗan lokaci da safe ta kama kafin ka taka, kada ka sa R tana cikin tafiya gaba. In kuma ta tsaya maka a hanya, kada a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, don famfon man ba ya aiki in injin a kashe yake. A ɗora ta a kan motar ɗauka.