Modem ya ƙi aiki a Linux: in sayi sabo ko in gyara direba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na sa Ubuntu a kwamfutata, na soka modem ɗin USB da nake amfani da shi tun ina Windows. Fitilarsa tana kamawa, amma intanet shiru. Abokina ya ce direban kanel ne ya lalace, sai dai in sayi wani modem. Ga shi kuɗin hannuna ba yawa. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Abokinka bai duba komai ba ya yanke hukunci, alhali kanel, wato zuciyar Linux da ke hulɗa da na'urori, ba ya ɓoye abin da ya gani. Zare modem ɗin, buɗe tamina (tagar rubuta umarni), rubuta sudo dmesg -w, sannan ka mayar da shi kana kallon allo. Layukan da za su zubo su ne bayanin abin da kanel ya ɗauki na'urarka da kuma direban da ya ba ta, wato ɗan shirin da ke sarrafa ta.

Zargina na farko shi ne modem ɗin bai tuɓe rigar shigar burtu ba. Yawancin irin waɗannan modem, da an soka su, sai su nuna kansu a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. A Windows, manhajar ce ke umartarsa ya koma modem. A Linux kuwa aikin wani ɗan shiri ne mai suna usb_modeswitch. Idan ka ga dmesg yana ambaton CD-ROM ko sr0, to a nan aka tsaya. Rubuta lsusb ka duba lambobi biyun da ke gaban sunan na'urar: ta farko ta kamfani ce, ta biyu ta samfuri. Huawei 12d1 ne, ZTE 19d2. Misali, Huawei E3372 mai tsarin HiLink yakan fara fitowa da 12d1:1f01, in ya sauya ya koma 12d1:14dc. Shi wannan ma ba ya neman wani direba na musamman, domin kwamfuta tana ganinsa kamar an jona wayar intanet ce, ka shiga 192.168.8.1 a burauza ka saita shi.

A sauran modem kuwa, in lambar ta sauya amma ba ka ga ttyUSB0 ko wwan0 (sunayen da Linux ke ba modem in ya gane shi) a dmesg ba, yanzu ne maganar direba ta taso, kuma ko nan ma da wuya a ce ya lalace. Direban da ake kira option yana riƙe da jerin lambobin modem da ya sani, kamar mai gadi da takardar sunayen baƙi. Wanda ba ya ciki, ba ya shiga. Kana iya gabatar masa da naka da hannu: ka loda shi da modprobe option, ka rubuta lambobin biyu cikin /sys/bus/usb-serial/drivers/option1/new_id. Idan ttyUSB ya bayyana, ka gano ciwon. Sai dai wannan gwaji ne kawai, da ka kashe kwamfuta ya tafi. Ni dai kafin in ce ka taɓa rubutun shirin kanel, gara ka sa sabon fitowar Ubuntu a filasha ka gwada, domin sau da yawa wani ya riga ya ƙara layi ɗayan da ake bukata.

Kada kuma ka manta da ƙananan abubuwa. Rubuta mmcli -L. In ModemManager, shirin da ke kula da modem a Linux, ya ga modem ɗin, direba ya fita daga zargi, ka koma kan PIN ɗin layi da sunan APN, wato saitin intanet na kamfanin layinka.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Kano. Na haɗa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da modem don raba intanet, amma yana yankewa ya dawo. Ina tunanin sayen modem ɗin Quectel EC25. Wane samfurinsa zan ɗauka?

Amsa: Yallaɓai, wannan yankewa ta fi kama da yunwar wuta. Duba dmesg: in kana ganin USB disconnect yana maimaituwa, modem ɗin kuma yana dawowa da sabuwar lamba, to ramin USB ne ya kasa ciyar da shi. Modem yana zuƙar wuta sosai a daidai lokacin da yake aika saƙo, musamman inda sabis ke da rauni. Nemi marabar USB (USB hub) mai cajarta, da gajeriyar waya mai kauri. Sun fi sabon modem araha nesa ba kusa ba.

In har za ka saya, EC25 zaɓi ne mai kyau: lambarsa 2c7c:0125, kuma direbobin option da qmi_wwan sun daɗe da saninsa. Tarkon yana cikin harafin ƙarshe. EC25-A na Arewacin Amurka ne, zangonsa na 4G, wato mitocin da yake kama sabis a kai, su ne 2 da 4 da 12, ba zai yi maka amfani a nan ba ko da Linux ya gane shi sarai. EC25-E yana da zango na 3 da 7 da 20, amma babu 28, wanda Glo ke amfani da shi wajen 4G. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton rubutun da ke jikin na'urar kafin ka tura ko sisi.