Tambaya da Amsa: Kullum ina tura wa kwastomomi imel, amma shiru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina saida leshi da atamfa da turaren wuta a kasuwar Kejetia, manyan kwastomomina kuwa 'yan uwanmu ne na Jamus da Amurka. Yarona ya tara min adireshin imel da yawa, wasu na kwastomomi, wasu ya samo gun wani abokinshi, kullum da safe sai mu tura hotunan kaya amma shiru kake ji, wata ma ta ce a Spam, wato akwatin da imel ke jefa saƙonnin banza, take tsintar saƙon. Don Allah ya za mu yi? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kafin komai, waɗancan adireshin da aka samo gun aboki a goge su yau yau. Wanda bai san ki ba bai kuma ce ki turo ba, da ya ga saƙon Spam zai danna, kuma duk dannawa ɗaya Gmail na lissafawa, a hankali har saƙon da kika tura wa kwastomarki ta amana sai ya bi sahu ya faɗa can. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara matsa wa masu tura saƙo da yawa, ƙorafin masu danna Spam kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Ga kuma doka, a nan Ghana dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, ta hana amfani da bayanan mutum don talla sai da yardarshi a rubuce. Don haka ki tambayi kowa a WhatsApp, wanda ya ce eh shi kaɗai za a sa.

Sai maganar kullum da safe, gaskiya ya yi yawa Hajiya. Ko dillaliyar da kike so in kullum tana buga miki ƙofa da kaya iri ɗaya wata rana ba za ki buɗe ba. Sau ɗaya a sati ko sati biyu ya isa, sai dai gabanin Sallah da lokacin biki ki ƙara, kuma ki fara da wuri tunda na waje suna buƙatar lokacin ɗinki da aike. Ki raba su ma, mai sayen turare daban mai leshin biki daban, ki kira mutum da sunanshi, ki rubuta yadda kike magana a shago. Kan saƙon ya faɗi abin da ke ciki, misali "Sabon leshi ya iso, kala shida", hoto uku ko huɗu, farashi a sidi, yadda za a biya ta MoMo (kuɗin waya), da wurin dannawa guda ɗaya da zai kai mutum WhatsApp ɗinki, shi ke nan.

Abin da ya fi damuna, in yaron yana jera adireshin kowa a fili kowa na ganin na kowa, ya daina, tona asirin mutane ne. Ya buɗe miki Mailchimp ko Brevo, wato shafukan tura imel ga mutane da yawa, su suna tura wa kowa nashi daban kuma suna sa wurin cire suna a ƙasa, wanda ya cire kada ki ji haushi, ya fi ya kai ƙararki. Kada kuma ku ruɗu da adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo, tun 2021 manhajar imel ta iPhone kan nuna an buɗe ko da mutum bai duba ba, ku dinga ƙirga wa ya danna, wa ya amsa, wa ya saya.